Ƙyallen da Ya Fi Jirginsa Daɗewa

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon kwabo mai huji, ko anini, zai tuna da tauraron nan mai tsini shida da ya kewaye hujin. Alwatika biyu ne aka sarƙe da juna, abin da ake kira hatimin Annabi Sulaimanu. Gwamna Lugga ya faɗa daga baya cewa a murfin wata buta ta tagulla aka samo zanen, butar da sojojinsa suka kwaso lokacin da suka ci Kontagora a 1901, zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse. Daga murfin buta zanen ya hau kuɗi, ya hau tutar Nijeriya ta zamanin mulkin mallaka. Kimanin shekara arba'in bayan faɗuwar Kontagora kuma ya zama tambarin wata rundunar jiragen yaƙi a Ingila.

A watan Janairun 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, sojin saman Birtaniya suka kafa ƙaramar runduna ta 91 a Hawkinge, dab da tekun da ya raba Ingila da Faransa. Aka laƙaba mata sunan Nijeriya saboda kuɗin da aka tara a ƙasar don sayen jirage, a lokacin da aka yanke fam 5,000 a kan kowane Spitfire. Aikinta na farko leƙen asiri ne: jirgi ɗaya ko biyu su fita, su bi gaɓar Faransa, su dubo motsin jiragen ruwan Jamus. A 1944 kuma ta harbo fiye da ɗari daga cikin bama-baman V-1 masu tashi da kansu da ake antayo wa Landan. Tambarinta shi ne alwatikan nan biyu, a kan da'ira mai zanen igiyar ruwa, shuɗi da fari.

Sunan rundunar ya bar rajista a 1947. Jiragen irin nata, in ban da ƙalilan, an narkar da su tuntuni, kuma mutanen da suka tuƙa su kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Tambarin kuwa yana nan, an yi masa aiki da zaren ƙarfe mai ruwan zinariya a kan baƙin ulu, irin wanda tsoffin sojojin ke ɗinkawa a aljihun kwat idan za su taron tunawa da 'yan mazan jiya. Irin wannan ɗan ƙyalle, wanda bai wuce tafin hannu ba, shi ne dubban mutane a Amurka da Turai da Japan suka ɗauki tara shi a matsayin abin yi na tsawon rai.

Ba sabuwar sha'awa ba ce. Ƙungiyar masu tara alamomin soja ta Amurka, wadda aka fi sani da ASMIC, tun 1937 aka kafa ta, tana kuma da mujallarta mai suna The Trading Post. Kowace shekara ana cin wata babbar kasuwar tsoffin kayan soja a birnin Louisville na jihar Kentucky, inda za a ga dattijo ya tsaya a gaban tebur, riƙe da madubin ƙara girma, yana juya bajo guda ɗaya na tsawon minti goma kafin ya taya. Bajon kafaɗa na gama-gari, wanda aka ɗinka miliyoyi, daloli kaɗan ne kuɗinsa. Na ƙaramar runduna da aka tabbatar na lokacin yaƙi ne yakan kai ɗaruruwa, wani ma dubbai.

Asalin abin dai fenti ne, ba zare ba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ƙananan jiragen yaƙi ba su da rediyon da matuƙa za su yi magana da juna, don haka ido kaɗai ke raba aboki da abokin gaba. Sai kowace runduna ta zana alamarta a gefen jirgi. Faransawan rundunar Georges Guynemer suka zaɓi shamuwa. Amurkawan runduna ta 94, wadda Eddie Rickenbacker ya jagoranta, suka zana doguwar hula mai launin tutarsu a cikin zobe, alamar ƙasarsu ta shiga fage. Rundunar tana nan har gobe, tana tuƙa F-22, kuma hular nan ce alamarta. Wanda ya fi duka yin nisa shi ne dokin Francesco Baracca, gwarzon Italiya da ya harbo jirage 34 kafin a kashe shi a 1918. Baƙin doki ne da ya yi tsaye da ƙafafun baya. A 1923 mahaifiyarsa ta ba wani matashin ɗan tseren mota shawarar ya sa dokin ɗanta a motocinsa. Sunan matashin Enzo Ferrari.

Ɗinka alama a kafaɗa kuma sojan ƙasa ne suka koya wa na sama. A 1918 runduna ta 81 ta sojan ƙasan Amurka ta sauka Faransa da hoton muzurun daji a kafaɗar kowa. Wasu hafsoshi suka kai ƙara, suna cewa ya saɓa ƙa'idar kaki. Janar Pershing ya duba, maimakon ya hana sai ya ce sauran rundunoni ma kowace ta nemi tata.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Ingila ta bi ta hanyar sarauta. A 1935 aka naɗa jami'i na musamman daga ofishin tambarin gidajen sarauta don ya tantance kowane zane, kuma sai Sarki ya sa hannu kafin ya zama na runduna. Edward na Takwas ne ya amince da na farko a 1936. Dukansu siffa ɗaya: da'ira, kambi a sama, take a ƙasa. A cikin wannan tsari aka ba runduna ta 218, mai ɗauke da sunan Gold Coast, Ghana ta yau, agogon yashi, aka ba ta 250 mai sunan Sudan gaggafar kogi.

Amurkawa kuwa suka bi ta hanyar raha. Da yaƙi ya kankama, wasiƙu suka dinga kwarara kamfanin Walt Disney daga rundunoni masu neman a zana musu alama. Disney ya ware masu zane, a ƙarƙashin Hank Porter, suka fitar da kimanin zane 1,200, ba tare da karɓar ko sisi ba. Agwagwar nan mai saurin fushi, Donald Duck, ta fito a fiye da 200 daga ciki, wani wuri tana rungume da bam, wani wuri tana leƙe da tabarau mai hangen nesa.

Wanda ya ga wannan zai iya ɗauka wasa ne, amma ya kamata ya tuna da masu sanyawar. Yawancinsu yara ne matasa, waɗanda da waɗannan zane-zanen suka tashi a gidajen silima. Babbar runduna ta Takwas ta sojin saman Amurka kaɗai, mai kai farmaki Jamus daga Ingila, ta rasa mutum kimanin 26,000. A 1943 sai mutum ya yi fita 25 kafin a sallame shi gida, kuma da yawa ba su kai ba. Yaron da ya manna agwagwa mai dariya a ƙirjinsa ya san wannan lissafin sarai, domin kullum da yamma yana ganin gadajen da masu su ba su dawo ba.

Ƙirjin da ake magana a kai na rigar fata ne mai suna A-2, wadda aka amince da ita a 1931, ta fatar doki ko ta akuya. A gefen hagu ake ɗinka bajon, mai faɗin kusan inci biyar. A nan ne harkar ta yi wa masu tarawa daɗi, ta kuma yi musu wuya. Hukuma takan amince da zane a takarda, amma ba lallai ta aiko da bajon ba. Sai runduna ta nemi mai sana'a a inda take. Waɗanda ke Ingila suka samu masu surfani a kan ulu mai kauri. Waɗanda ke Italiya suka samu dukawa da ke tsaga zanen a jikin fata da wuƙa sannan su shafa fenti. A Indiya aka yi musu da zaren ƙarfe, irin na rigunan sarakunan can. A Sin aka yi da siliki, ko a yanka fata launi-launi a harhaɗa ta gunduwa-gunduwa. Saboda haka runduna ɗaya takan kasance da bajo iri huɗu ko biyar, kowanne da hannun garin da aka yi shi. Gwanin harkar yana kallon ɗinki ya ce wannan aikin Italiya ne, ya buɗe littafi ya ga lallai rundunar ta zauna can a 1944.

Wasu daga cikin rigunan nan sun ratsa ƙasar Hausa. Kano ta san jirgi tun 1 ga Nuwamba 1925, ranar da jirage uku na runduna ta 47 ta Birtaniya suka iso daga Masar a ƙarƙashin Arthur Coningham. Daga Satumba 1940 kuma aka buɗe hanyar Takoradi: a kawo jirage cikin akwatuna ta ruwa, a harhaɗa su a gaɓar Gold Coast, a tuƙa su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda ake kira Njamena yanzu, Junaina, Fashir, Khartoum, har Alkahira. Fiye da jirage 5,000 suka bi wannan hanya. Da Amurka ta shiga yaƙin, matuƙanta masu zuwa Indiya da Sin su ma ta Accra da Kano da Maiduguri suka dinga yada zango, su sha mai su wuce.

Can Sin ɗin ne aka samu bajon da aka fi nema, aka kuma fi yi wa jabu. Na Amurkawa 'yan sa-kan nan ne na Claire Chennault, waɗanda ake wa laƙabi da Flying Tigers, masu damisa mai fukafukai da kamfanin Disney ya zana musu. Bakin kifin shak da ke hancin jiragensu na P-40 ma aro ne, daga runduna ta 112 ta Birtaniya da ke hamadar Afirka ta Arewa. Duka-duka mutanen ba su wuce kimanin 300 ba, kuma a watan Yulin 1942 aka rushe ƙungiyar. Kowa na iya lissafa yawan bajon asali da za a ce ya rage bayan shekara tamanin, sannan ya kwatanta da yawan da ake tallatawa a intanet kowane mako. A bayan rigunansu kuma akwai wani ƙyalle mai tutar Sin da rubutun Sinanci, yana roƙon duk wanda ya tsinci wannan baƙo, soja ne ko farar hula, ya cece shi. Ga matuƙin da ya faɗo a ƙauyen da ba ya jin ko kalma ɗaya ta harshensu, wannan ƙyallen shi ne bakinsa.

Akwai kuma baƙar damisa mai fitar da wuta ta baki, alamar rukuni na 332, na baƙar fatan Amurka da aka horar a Tuskegee ta jihar Alabama. A lokacin sojan Amurka a rabe yake, farare daban baƙaƙe daban, kuma akwai manyan hafsoshin da suka rantse baƙar fata ba zai iya tuƙa jirgin yaƙi ba. Matuƙa 992 suka kammala horo a can. Waɗanda aka kai Ramitelli ta Italiya, a ƙarƙashin Benjamin Davis ƙarami, suka shafa wa wutsiyar jiragensu jan fenti, suna raka manyan jiragen bam har cikin Jamus. A 1948 Shugaba Truman ya ba da umarnin kawo ƙarshen wariya a soja. Mai riƙe da wannan bajo yana riƙe da ɗaya daga cikin hujjojin da suka sa aka yi hakan.

To, yaya ake gane na gaske? Abu na farko da ɗan koyo ke ji daga bakin manya shi ne ya rabu da fuska, ya duba baya. Mai sayen hula a kasuwa ya san wannan: yakan juya cikinta ya ga ko aikin hannu ne ko na inji. Bajon da aka ɗinka a Amurka lokacin yaƙi yawanci a kan injin surfani na Schiffli aka yi shi, wanda wani ɗan ƙasar Suwizalan, Isaak Gröbli, ya ƙirƙiro a 1863, kuma masana'antun arewacin jihar New Jersey ne suka fi yin aikin. Bayansa yakan nuna zaren ƙasa fari sol, wani lokaci kore, ko a ga an manna masa wani yadi shara-shara kamar rariya. Gefensa yankakke ne. Idan aka ga an naɗe gefen da ɗinki mai kauri kamar igiya, to abin ya fi kama da na shekarun 1960 zuwa gaba. Idan kuma bayan roba ne mai sheƙi, magana ta ƙare.

Sai fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba takardun kuɗi da ita. Bayan yaƙi ne masana'antu suka yawaita zuba wa zare da yadi sinadarin ƙara fari, kuma wannan sinadari yana walƙiya a ƙarƙashin fitilar. Tsohon zaren auduga ba ya yi. Amma gwajin yana da tarko, domin bajon asali da aka taɓa wankewa da garin sabulun zamani shi ma zai yi walƙiya. Wasu sukan zare silin zare ɗaya daga baya su kusanta shi da ashana. Na auduga yakan ci ya zama toka mai laushi, na roba kuwa ya narke ya dunƙule.

Masu jabu sun san duk wannan. Suna neman tsohon yadi da tsohon zare, su jiƙa aikin da ruwan shayi, su goge gefensa, har su yi masa 'yan ramuka kamar asu ya ci. A birnin Sialkot na Pakistan har yanzu akwai gwanayen aikin zaren ƙarfe da hannu, masu yi wa rundunonin duniya aiki na halal, amma da zarar kayan ya faɗa hannun maƙetaci sai ya tsufar da shi ya ce na 1943 ne. Akwai ma aji na uku, wanda ba jabu ba ne kuma ba na yaƙi ba: waɗanda ƙungiyoyin tsoffin sojoji suka sa aka ɗinka musu a shekarun 1970 da 1980 don tarukansu. Mai su soja ne na gaske, iyalinsa kuma za su rantse da zuciya ɗaya cewa na baba ne, ba ƙarya suka yi ba.

Shi ya sa a ƙarshe takarda ce ke yanke hukunci. Ana komawa ga littattafai biyu da masanin tarihi Maurer Maurer ya shirya, na 1961 da na 1969, masu jera kowace rundunar faɗa ta sojin saman Amurka ta lokacin yaƙi da inda ta zauna da ranar da aka amince da alamarta, ko a tuntuɓi ma'ajiyar tarihin sojin sama da ke sansanin Maxwell a Alabama. Abin da ya fi wannan ƙarfi shi ne bajon ya zo tare da kayan mai shi: hotonsa sanye da rigar, littafin da yake rubuta tashi da saukarsa, wasiƙar da ya aika wa mahaifiyarsa. A nan ne wasu dillalai ke yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Sukan sayi akwatin mamaci gaba ɗaya, su ɓalle bajon daga riga, su sayar da hoto can, littafi can, don ribar ta fi yawa. Kuɗi ya shigo, amma daga ranar babu mai iya cewa wane ne ya sa wannan ƙyalle, ko ya dawo gida ko bai dawo ba. Masu tarawa na kirki suna ƙyamar wannan, kuma suna da gaskiya.

Bayan 1945 labarin bai tsaya ba, sai dai ya sake kama. Sojin saman Amurka suka zama runduna mai cin gashin kanta a 1947, aka tsara cewa manyan rukunoni su ɗauki siffar garkuwa, ƙanana su ɗauki da'ira. A yaƙin Koriya shagunan Tokiyo ne suka karɓi ɗinkin, a na Biyetnam kuma telolin da ke bakin sansanonin Korat da Takhli a ƙasar Tailan. Su ne suka ɗinka bajon fita ɗari, wanda matuƙin F-105 ba ya sa shi sai ya shiga sararin Biyetnam ta Arewa sau 100 ya fito da rai. Daga baya launuka suka dusashe zuwa kore da ruwan ƙasa don kada su tona asirin mai sanyawa, ɗinki kuma ya ba maƙallin Velcro mai mannewa wuri, yadda matuƙi zai ɓare komai kafin ya tashi, kada a kama shi a san rundunarsa.

A Nijeriya an kafa rundunar sojin sama a watan Afrilun 1964 da taimakon Jamus ta Yamma, kuma wani Bajamushe, Kanar Gerhard Kahtz, shi ne shugabanta na farko. Tun daga lokacin ta ga abubuwa da yawa: makarantar koyon tuƙi ta Kaduna, MiG-17 na yaƙin basasa, MiG-21 da Jaguar a Makurdi, Alpha Jet da suka yi aiki a Laberiya da Saliyo ƙarƙashin ECOMOG, L-39 a Kano, sai Super Tucano da suka iso a 2021. Rundunoni sun sake suna da lamba, wasu jiragen an daina amfani da su gaba ɗaya. Bajon waɗancan shekaru yana cikin akwatunan ƙarfe a gidajen tsoffin sojoji, a Kaduna da Makurdi da Kano da Kainji, tare da tsofaffin kaki, inda asu da gara da laimar damina ke yin aikinsu.

Wanda ya gaji irin wannan akwati, abin da ake bukata daga gare shi ba shi da yawa. Kada ya wanke, kada ya shafa gam, kada ya rataye inda rana ke duka, kada kuma ya ɓalle abin da ke jikin riga. Sanyawa ma ba ta taso ba, domin doka ta hana farar hula shiga kayan soja. Ya sa shi a tsakanin farar takarda, a wuri busasshe, tare da hotunan da aka same shi da su. In mai shi yana raye, a zauna da shi a rubuta sunan rundunar, da sansanin, da shekarar, da jirgin da ya tuƙa ko ya gyara, da telan da ya ɗinka in yana tune. Rukunin farko na ɗaliban tuƙi da Nijeriya ta tura Habasha sun tafi ne a 1962, na biyu kuma Kanada a 1963, kuma waɗanda suka rage a cikinsu duk sun haura shekara 80.